Kundin aikin ƙirga kuromosom: yadda saiti huɗu ke koyon tafiya bibbiyu

9 ga Janairu, 2024

Yau na shuka iri uku a ɗakin raino: sha'ir, alkamar durum da alkamar burodi. Manufata ita ce in haɗa jerin gilasan madubin ƙara girma da ɗalibi zai duba ya ga da idonsa abin da ke faruwa idan saitin kuromosom, wato 'yan sandunan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ya ninka, da kuma yadda halitta ke lallaɓawa ta koma tafiyar da al'amuranta kamar mai saiti biyu. Wannan komawar ita masana ke nazari da sunan komawa halin difloyid, ni dai a kundin nan zan riƙa cewa komawa bibbiyu.

Na zaɓi ukun nan ne saboda lissafinsu a jere yake. Saiti ɗaya a danginsu kuromosom 7 ne. Sha'ir yana da saiti biyu, wato 14. Durum tana da huɗu, 28. Alkamar burodi tana da shida, 42, daga kakanni uku da ake wa laƙabi da A, B da D. Na huɗun da babu shi a hannuna shi zan ƙera da kaina: sha'ir mai saiti huɗu, sabon ninki, wanda bai samu ko shekara ɗaya ta gyara kansa ba. Idan na ajiye shi gefen durum, adadinsu ɗaya, 28 da 28, sai mu ga ko halinsu ɗaya ne.

23 ga Janairu

Ƙirga ta farko a bakin saiwa. Na yanke ƙarshen saiwoyi masu tsawon kamar santimita ɗaya da rabi, na jefa su a ruwan ƙanƙara suka kwana suka wuni, awa 24 cur. Sanyin yana tsayar da rabuwar tantani, wato ƙwayar halittar da ke gina jikin tsiro, a daidai lokacin da kuromosom suka dunƙule suka yi kauri. Daga nan na kafe su a ruwan barasar etanol kashi uku da asid ɗin asetik kashi ɗaya, na rina da jan rinin asetokamin, na murƙushe a ƙarƙashin siririn gilashi da babban yatsa.

Sha'ir bai ba ni wahala ba. A gilashi na uku na samu tantani ɗaya da ya baje sarai, sanduna 14 jajaye, kowanne da ɗan ƙugunsa inda zaren rabuwa ke kamawa, biyu-biyu masu kama da juna. Na daɗe ina kallonsa kafin in ɗauki hoto.

Alkamar burodi ce ta gwada haƙurina. 42 a cikin tantani ɗaya cunkoso ne, wani ya hau kan wani, ka ƙirga 40, ka sake ka samu 43. Ma'aikacin ɗakin gwajin, dattijo ne da ya daɗe yana wannan aiki, ya leƙa madubin ya ce, “Malam, ba danna ƙarfi ake yi ba. Ɗumama gilashin kaɗan, ka bubbuga da bakin allura tukuna, sannan ka danna sau ɗaya ka bari.” Na bi maganarsa. Kafin a tashi na samu 42 sau biyu.

6 ga Fabrairu

Ranar kolcisin. Sinadari ne da ake samu daga wata shuka mai suna Colchicum autumnale, kuma tun 1937 Blakeslee da Avery suka nuna cewa yana ninka kuromosom ɗin tsirrai. Aikinsa ɗaya ne: yana hana zaren da ke jan kuromosom zuwa gefe biyu haɗuwa. Tantani ya riga ya kwafi kuromosom ɗinsa, ya zo rabawa babu mai ja, sai ya rufe da duka a cikinsa. Mai 14 ya zama mai 28.

Guba ce sosai, don haka safar hannu biyu na sa, kuma ruwan da ya rage an zuba shi a kwalbar shara ta musamman. Na tumɓuke tsirran sha'ir da suka fara fitar da rassa daga gindi, na wanke saiwarsu, na datse ta, na tsoma gindinsu a ruwan maganin na awa biyar, na ɗauraye da ruwa mai gudu, na mayar da su tukwane. Na bar layi ɗaya ban taɓa shi ba domin kwatanci.

27 ga Fabrairu

Da yawa sun mutu. Waɗanda suka rayu sun tsaya cik na kusan mako biyu, yanzu sun fara fitar da sabbin rassa masu ganye mai kauri da duhun kore. Na shafa man farce marar launi a bayan ganye, ya bushe, na ɓare shi na duba: a wasu rassan ƙofofin numfashin ganye sun fi girma kuma sun fi ƙaranci. Alama ce mai kyau, amma ba hujja ba ce. Tsiro ɗaya na iya ɗaukar reshe mai 14 da reshe mai 28 a gindi guda. Na ɗaura zare a rassan da nake zato.

7 ga Maris

Wannan ita ce ranar da na yi ta jira. Alkamar burodi ta kai matakin da zangarniya ke cikin kube ba ta fito ba, lokacin da tantanin da za su zama bununi, wato ƙurar fure, ke yin rabuwar da ke rage kuromosom zuwa rabi, mayosis. A alkama mai saiti shida duk wannan rabuwar ba ta wuce kimanin awa 24 a zafin digiri 20, saboda haka in ka makara da yini ɗaya ka rasa. Sa'ar da ake da ita ita ce kowane ƙaramin fure yana da jakar bununi uku kuma tare suke tafiya. Ka murƙushe ɗaya ka duba, in ta dace ka adana biyun.

A zangarniya ta huɗu na dace. Tantani bayan tantani, abin da na gani ɗaya ne: dunƙule 21 a jere a tsakiya, yawancinsu zobe-zobe, kowane zobe kuromosom biyu ne riƙe da juna a ƙarshensu biyu. Ba uku, ba huɗu, ba wanda aka bari shi kaɗai.

Dole in tsaya a nan in faɗi dalilin da ya sa wannan abin mamaki ne. A cikin tantanin nan, kuromosom 1A, wato na farko a saitin A, yana da abokinsa 1A, amma akwai 1B biyu da 1D biyu, 'yan uwansa na kusa, masu ɗauke da kusan ƙwayoyin gado iri ɗaya a jeri ɗaya. Shida ke nan masu kama da juna, kuma an maimaita haka sau bakwai. Duk da haka kowa ya nemo nasa. Alkamar burodi kuwa ba tsohuwa ba ce, shekarunta ba su wuce kimanin 10,000 ba, tun da alkama mai saiti huɗu ta haɗu da ciyawar daji Aegilops tauschii.

Amsar ta fito a 1958. Ralph Riley da Victor Chapman a Ingila, da kuma Ernest Sears da Okamoto a Amurka, sun gano cewa idan aka rasa kuromosom 5B, tsarin ya rushe: A ya kama B, B ya kama D, a samu sarƙoƙi masu uku da huɗu. Wurin da ke riƙe da wannan ladabi a dogon hannun 5B shi aka sa wa suna Ph1. An shafe kusan shekara sittin kafin a nuna ƙwayar gadon da ke aikin. A 2017 masu bincike a cibiyar John Innes da ke Ingila suka nuna cewa ZIP4 ce, kuma ita kanta kwafi ce da ta taso daga kuromosom 3B ta sauka a 5B. Kwafi ɗaya da ya yi ƙaura shi ya sa ninkin gaba ɗaya ya zaunu. Tun da na fahimci wannan nake jin alkama ta cancanci a fara darasin da ita.

Durum ma na duba ta: 14 bibbiyu, tsaf.

19 ga Maris

Na'urar sanyaya ɗakin raino ta lalace a ƙarshen mako, zafi ya hau sosai kwana biyu, ba wanda ya sanar da ni. Zafi yana ɓata haɗuwar kuromosom a mayosis ko da a tsiro lafiyayye ne. Duk zangarniyar da take wannan mataki a kwanakin nan na cire ta daga lissafi, domin in na ga kuromosom a warwatse ba zan san ko ninki ne ya jawo ko zafi ba. Raina ya ɓaci, amma rassan baya suna nan tafe.

11 ga Afrilu

Sha'ir mai ninki ya kai. Daga rassan da na ɗaura wa zare, wasu 14 ne kawai, zatona bai yi daidai ba. Amma akwai masu 28 na gaske, kuma abin da na gani a cikinsu ya bambanta da durum kamar dare da rana.

A tantani ɗaya na ga babban zobe mai kuromosom huɗu, ya murɗe kamar lamba takwas. Kusa da shi sarƙa ce mai huɗu a miƙe. Akwai bibbiyu na ƙa'ida da dama. A wani tantanin kuma uku sun riƙe juna, na huɗunsu yana can gefe shi kaɗai, bai ma hau layin tsakiya ba. Na bi irinsa zuwa mataki na gaba: sauran sun rabu sun tafi gefe biyu, shi yana tsakiya ya makara. A ƙarshen rabuwar, inda ya kamata a ga tantani huɗu masu tsabta, na ga wani ɗan ɗigon ja a gefe. Kuromosom ɗin da aka bari ke nan, kuma bununin da zai fito daga nan zai rasa shi.

Dalilin a fili yake. A sha'irin nan kowane kuromosom yana da kwafi huɗu iri ɗaya sak, babu abin da zai sa ya fifita wani. Yana iya fara haɗuwa da ɗaya a wannan ƙarshen, ya kama wani a ɗaya ƙarshen. Zobe mai huɗu da ya rabu biyu-biyu ba ya ɓarna. Wanda ya rabu uku da ɗaya shi ne matsala.

Na ajiye gilashin durum da na sha'irin nan a akwati ɗaya, gefe da gefe. Ina ganin su biyun kaɗai sun isa rabin darasin.

29 ga Afrilu

Babu aikin madubi, karatu nake yi. Tambayar da ke damuna: alkama tana da saiti daga iyaye mabambanta, akwai bambancin da Ph1 zai kama. To wanda ya ninka kansa da kansa, kamar sha'irina, yaya yake daidaita?

Wata ƙaramar shuka ta Turai mai suna Arabidopsis arenosa ta ba da amsa. Akwai mai saiti biyu da mai saiti huɗu a daji, kuma mai huɗun galibi bibbiyu take yi. Binciken ƙungiyar Kirsten Bomblies ya nuna cewa zaɓin halitta ya taɓa ƙwayoyin gadon da ke gina ƙashin bayan kuromosom a mayosis, irin su ASY1 da ASY3, kuma wuraren musayar sassa a kowane kuromosom sun ragu. Wanda ya riƙe abokin tafiya a wuri ɗaya tak ba shi da hannun kama na biyu. Amma abokin nan kowane ne daga cikin ukun, babu zaɓaɓɓe. Wato a ido bibbiyu ne, a gado kuwa har yanzu huɗu ne ke cakuɗa.

Wannan ya sa na gyara bayanin da na rubuta a farko. Na ɗauka abu ɗaya ne, ashe aƙalla matakai uku ne masu agogo daban-daban: haɗuwa bibbiyu a mayosis, gado bibbiyu, sannan zubar da kwafin da ya yi yawa.

Ko masu saiti daga iyaye mabambanta ma ba sa samun sauƙi a farko. Tsirran Tragopogon miscellus da Tragopogon mirus sun samu ne a ƙarni na 20 a yankin Palouse na Amurka, daga iyaye masu kuromosom 12 da aka shigo da su daga Turai, kuma Marion Ownbey ya bayyana su a 1950. Suna da 24, amma da aka rina kuromosom ɗinsu da alamar iyaye sai aka ga tsirrai da dama da ke da kwafi uku na wani kuromosom daga wannan uba da ɗaya daga wancan, jimilla dai 24. An ga irin haka a shukar Brassica napus mai 38 da aka sake ƙerawa a ɗakin gwaji daga iyayenta masu 20 da 18. Darasi ne gare ni: ƙirga kaɗai na iya cewa lafiya lau alhali a ciki an yi musanye.

21 ga Mayu

Na fara zana allon bango na mataki na uku, wanda madubina ba zai iya nunawa ba saboda miliyoyin shekaru yake ɗauka.

Yis na burodi na sa a farko. Yana da kuromosom 16 a saiti ɗaya. A 1997 Ken Wolfe da Denis Shields a Dublin suka lura cewa sassan jinom ɗinsa, wato dukan kayan gadonsa, suna zuwa bibbiyu, suka ce ya taɓa ninkawa gaba ɗaya kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. An yi ta musu, har a 2004 aka karanta jinom ɗin wani danginsa mai kuromosom 8 da bai ninka ba, aka ga kowane yanki nasa ya dace da yanki biyu a yis. Daga dubban ƙwayoyin gado da suka ninka, kusan tagwaye 550 ne suka rage. Sauran duk ɗaya ya tafi, wani daga wannan kwafin, wani daga wancan.

Masara ta biyo baya. Ita da dawa kowacce 20 take da shi, mai ƙirga zai ce ba abin da ya faru. Amma masara ta ninka bayan rabuwarsu, sannan kuromosom suka karye suka haɗe har adadin ya dawo inda yake. Zubarwar kuma ba ta yi adalci ba: a 2011 James Schnable, Nathan Springer da Michael Freeling sun nuna cewa ɗaya daga saitin biyu ya fi yin asara, ɗayan kuma ƙwayoyinsa sun fi aiki. Haka yake a kwaɗon Xenopus laevis mai 36, wanda ya ninka shekara miliyan 17 zuwa 18 da suka wuce. An raba kuromosom ɗinsa zuwa dogaye da gajeru, L da S, kuma gajerun su suka fi rasa ƙwayoyin gado.

Wanda ya tsira da tagwayensa ma da dalili. Wani ya samu sabon aiki. Wasu sun raba tsohon aikin tsakaninsu har ba a iya rabuwa da ko ɗaya. Waɗanda kuma ke aiki cikin ƙungiya, kamar masu kunna wasu ƙwayoyin gado da masu gina ribosom, injin haɗa furotin a tantani, sun fi zama bibbiyu, domin cire ɗaya zai ɓata ma'aunin da ke tsakaninsu da abokan aikinsu.

14 ga Yuni

Girbi. Zangarniyar sha'irin da ban taɓa ba cike take. Na rassan masu 28 kuwa da giɓi, ka murza ka ji ƙaiƙayi a wurare da yawa. Ƙwayoyin da suka samu sun fi girma kuma wasu sun ɗan yamutse. Kowace zangarniya ambulan ɗinta daban, da lambar tukunya da ta reshe.

Na yi wani lissafi da zan sa a darasi. A ɗauki tsiro mai AAaa, wato kwafi biyu na hali mai rinjaye (A) da biyu na hali mai ɓoyewa (a), ya haifa da kansa. Idan huɗun suna cakuɗa yadda suka ga dama, ɗaya cikin 6 na bununi zai zama aa, don haka ɗaya cikin 36 na 'ya'ya zai nuna halin da ke ɓoye, 35 da 1. Idan sun rabu gida biyu, kowane gida Aa, ɗaya cikin 16 ne, 15 da 1. Idan kuma AA gida ɗaya ne, aa gida ɗaya, halin ba zai taɓa fitowa ba. Ta haka ake gane matakin da tsiro ya kai ba tare da madubi ba. Sha'irina ba zai nuna wannan ba tunda iri ɗaya tsantsa na ninka, sai na fara haɗa iri biyu masu bambancin da ido ke gani.

3 ga Yuli

Mun yi doguwar muhawara da wata abokiyar aiki kan allon. Ta ce, “Malam, kibiyarka ta nuna kamar ana tashi daga huɗu a sauka a biyu a huta. Ina kifin salmon?” Gaskiyarta. Kakannin salmon sun ninka fiye da shekara miliyan 80 da suka wuce, kuma jinom ɗin salmon na Atlantika da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa yawancinsa ya koma bibbiyu, amma akwai sassa, musamman wajen ƙarshen wasu kuromosom, da har yanzu kwafin biyu suke kusan iri ɗaya. A mazan kifin ana ganin haɗuwar huɗu a mayosis. Jinom ɗaya, wani yanki ya gama, wani bai gama ba.

Na goge kibiyar na zana layuka da yawa masu tsawo daban-daban. Na kuma ƙara abu biyu. Na farko Arabidopsis thaliana, mai kuromosom 10 kacal, wadda masu bincike suka zaɓa domin ƙanƙantar jinom ɗinta, sai da aka karanta shi a 2000 aka ga sawun tsohon ninki ko'ina. Danginta na kusa suna da 8 a saiti, ita ta sauko 5 ta hanyar haɗewa. Na biyu mu kanmu. Susumu Ohno ya kawo ra'ayin tun 1970 cewa kakannin masu ƙashin baya sun ninka jinom ɗinsu, kuma rukunin ƙwayoyin Hox da ke tsara jiki daga kai zuwa wutsiya huɗu ne a jikinmu, ɗaya tak a amfiyoksas, ɗan ƙaramin dabban teku da ke kusa da asalinmu. Abokiyar aikin ta ce a sa wannan a farkon allo. Na fi son ya zo a ƙarshe, bayan ɗalibi ya ga zoben huɗu da idonsa. Ba mu daidaita ba tukuna.

12 ga Agusta

Na tsirar da ƙwayoyin zuriya ta biyu a kan takarda mai laima, na sake komawa ruwan ƙanƙara da jan rini. Yawancinsu 28 ne. Amma na samu mai 27, na samu mai 29, kuma na ƙirga kowanne a tantani fiye da ɗaya, na kira dattijon ya ƙirga ba tare da na faɗa masa nawa na samu ba. Lissafinmu ya zo ɗaya. Wannan shi ne ɗan ɗigon jan da na gani a Afrilu, ya bayyana a 'ya'ya.

Na dasa su duka, har da marasa daidaiton, kowanne da lambarsa. Masu 28 da suka fi cika zangarniya su za su ba da zuriya ta uku, kuma zan riƙa adana jakar bununi daga kowace zuriya domin kwatanta yawan zoben huɗu. Ba na sa ran ganin sauyi a zuriya biyu ko uku. Na kuma rubuta takardar neman irin alkama mai suna ph1b, wadda Sears ya samar a 1977 ta hanyar goge yankin Ph1 da hasken eksire, domin akwatin yana buƙatar gilashin alkamar da aka cire wa wannan ladabi a gefen mai 21 bibbiyu. Idan irin ya iso kafin ƙarshen Satumba, zan shuka shi tare da sabon layin alkamar burodi a rana ɗaya.